Dogon Hutu a Ɗakin Gwaje-gwaje: Abin da Ɗalibi Zai Tarar a Horon Binciken Lafiya

 Idan aka tambayi 'yan ajin kimiyya abin da suke son zama, yawanci amsar ɗaya ce: likita. Kaɗan ne ke tuna cewa kowane maganin da likita ya rubuta, da kowace allurar rigakafi, da kowane gwajin jini, sai da wasu suka shafe shekaru a ɗakin gwaje-gwaje kafin ya iso asibiti. Aikin waɗannan mutane shi ake kira binciken kimiyyar lafiya. A ƙasashe da dama ana buɗe wa ɗalibai ƙofar wannan aiki a lokacin dogon hutu, su zauna da masu bincike na wasu makonni domin sanin makamar aiki. Wannan maƙala za ta bayyana abin da ɗalibi zai tarar idan ya samu irin wannan dama, da daɗinsa da wuyarsa.

Wani ɗalibi a Toronto

A watan Mayun 1921, wani likita mai suna Frederick Banting ya samu aron ɗakin gwaje-gwaje a Jami'ar Toronto da ke Kanada, domin ya gwada wani tunani nasa a kan ciwon sukari. Farfesa John Macleod, wanda ya ba shi ɗakin, ya haɗa shi da wani ɗalibi ɗan shekara 22 mai suna Charles Best, ya taya shi aiki a lokacin hutu. Makonnin farko ba su yi daɗi ba, domin karnukan da suke gwaji da su sun yi ta mutuwa. Sai a ƙarshen watan Yuli suka ga ruwan da suka tato daga jikin dabba ya sauke sukarin jinin wani kare. A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro mai suna Leonard Thompson allurar wannan magani bayan an tace shi, ya kuma samu sauƙi. Maganin shi ne insulin, wanda miliyoyin mutane ke rayuwa da shi a yau. Da aka ba Banting da Macleod kyautar Nobel a 1923, Banting ya raba nasa kason biyu, ya ba Best rabi.

Kada wannan labari ya sa kowa ya ɗauka cewa duk wanda ya shiga horo zai gano magani. Abin lura a ciki shi ne ɗalibin ya yi aiki na gaske da hannunsa, ya kuma sha faɗuwa kafin ya ga haske. Waɗannan abubuwa biyu har yau ba su canza ba.

Mene ne wannan horo, kuma a ina ake yin sa?

Horo ne na sanin makamar aiki, wanda yakan ɗauki mako shida zuwa goma. Ya fi ƙarfi a Amurka da Turai, inda makarantu ke dogon hutu daga Yuni zuwa Agusta. Su wannan lokaci shi ne bazararsu, mu kuwa a nan damina ce tsundum. Ana ɗaukar ɗaliban jami'a, wasu wuraren har da 'yan ajin ƙarshe na sakandare, a tura kowa ɗakin wani mai bincike, a ba shi wata ƙaramar tambaya da zai bi har ƙarshen hutu.

Mafi shahara a Amurka shi ne na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa, wato NIH, da ke garin Bethesda a jihar Maryland kusa da birnin Washington. Hukuma ce ta gwamnati mai rassa 27, kowanne da fanninsa: wani ciwon daji, wani cututtukan zuciya da jini, wani cututtuka masu yaɗuwa. Horonsu ba ya gaza mako takwas, ana kuma ba ɗalibi alawus. Sai dai ƙa'idarsu ita ce mai nema ya kasance ɗan ƙasar Amurka ko mai takardar zama ta dindindin. Saboda haka ɗalibi daga nan ba zai iya nema kai tsaye ba, kuma gara a sani tun da wuri.

Akwai waɗanda ke karɓar 'yan wasu ƙasashe. Ɗakin bincike na Cold Spring Harbor da ke jihar New York yana ɗaukar ɗaliban jami'a tun 1959. Shirin RSI da ake yi a jami'ar MIT na 'yan sakandare ne, mako shida, a fannonin kimiyya daban-daban, kuma ba a biyan kuɗin shiga, amma gasar shigarsa mai zafi ce ƙwarai. Shi kuwa ɗakin bincike na Jackson da ke jihar Maine, wanda ya yi suna wajen nazarin gado a jikin ɓeraye, ya daɗe yana karɓar ɗalibai a lokacin hutu, amma ƙa'idarsa irin ta NIH ce. A can ne David Baltimore, yana ɗan sakandare, ya haɗu da Howard Temin. Su biyun suka samu kyautar Nobel a 1975.

Mutanen da za ka haɗu da su

Kowane ɗakin bincike yana da shugaba, galibi farfesa ko babban masani. Shi ke tsara alƙiblar aiki, shi ke neman kuɗin gudanar da shi, don haka yawancin lokacinsa yana ofis ko wajen taro. Kada ranka ya ɓaci idan ba ka gan shi kullum ba. Wanda zai riƙe hannunka shi ne wani a ƙarƙashinsa: ko wanda ya gama digirin digirgir yana ƙara gogewa, ko ɗalibin da ke kan yin digirin, ko ma'aikacin da ya ƙware a sarrafa na'urori. Wannan shi ne malaminka na kullum. Yana da nasa aikin da ke jiransa, ya ware lokaci ne domin ya koya maka. Ka zo a kan lokaci, ka rubuta abin da ya faɗa, don kada ya maimaita maka abu ɗaya sau huɗu.

Wani abu da zai ba ɗalibinmu mamaki a Amurka shi ne yadda ake kiran manya da sunansu na yanka, kuma ƙaramin ɗalibi zai iya ce wa farfesa bai gamsu da bayaninsa ba a gaban kowa. A wurinsu ba rashin kunya ba ne, haka aikin yake tafiya. Ka riƙe ladabinka na gida, amma kada ladabi ya rufe maka baki. A ɗakin gwaje-gwaje, wanda ya yi shiru alhali bai gane ba shi ne ke jawo ɓarna. Matambayi ba ya ɓata.

Makon farko: kariya kafin komai

Wanda ya zo da ɗokin leƙa madubin likita tun ranar farko zai ɗan yi haƙuri. Makon farko na cike takardu ne, da karɓar katin shaida, da darussan kare kai. Za a nuna maka wurin wanke ido idan sinadari ya fantsama, da inda ake zubar da allura da fasasshen gilas, da kwandon da aka keɓe wa abin da ya taɓa jini ko ƙwayoyin cuta.

Dokokin ba su da yawa, amma ba a wasa da su. Ba ci, ba sha, ba tauna cingam a cikin ɗakin. Farar riga da safar hannu dole ne, wani aikin har da tabarau. Takalmi sai rufaffe, silifa ba ya shiga. Sutura mai yalwa da ke reto, irin hannun babbar riga ko gefen mayafi, sai a tattare ta a cusa cikin farar riga don kada ta ja kwalba ko ta kama wuta. Ba a zuƙar ruwan gwaji da baki. Ba a taɓa waya ko mariƙin ƙofa da safar da aka yi aiki da ita.

An kasa ɗakunan bincike mataki huɗu gwargwadon haɗarin ƙwayoyin cutar da ke ciki. Mataki na 1 na ƙwayoyin da ba sa cutar da mai lafiya ne. Mataki na 4 na irin su Ebola ne, inda ma'aikata ke sa rigar da ke rufe jiki duka mai bututun iska. Ɗalibin hutu yana aiki ne a mataki na 1 ko na 2, kuma wanda bai kai shekara 18 ba akwai abubuwan da ba za a bari ya taɓa ba sam.

Ranar aiki

Aikin na cikakken yini ne, kimanin awa 40 a mako. Ba a kaɗa ƙararrawa, gwajin da ka ɗora shi ke tsara maka lokaci. Idan abu yana buƙatar awa biyu a cikin na'ura, a wannan tsakani za ka wanke kwalabe, ko ka haɗa ruwan gwajin gobe, ko ka yi karatu. Ga kaɗan daga abubuwan da kusan kowa ke koya.

Na farko shi ne awon ruwa da fifet, wata 'yar na'ura mai kamar alƙalami da ke zuƙar ruwa ɗan mitsitsi. Ma'aunin da ake aiki da shi sunansa maikurolita. Sai an tara 1,000 suke zama mililita ɗaya, kuma ɗigon ruwa ɗaya ya kai kimanin 50. Za a iya ce maka ka auno 2 kacal, abin da da ƙyar ido ke gani. Idan hannunka ya ƙara ko ya rage, gwajin ya tashi a banza. Shi ya sa ake sa sabon ɗalibi ya yi ta gwadawa da ruwan banza har hannunsa ya faɗa.

Na biyu shi ne renon sel, wato ƙananan ƙwayoyin da aka gina jiki da su. Ana renon su a cikin kwalabe masu ruwan abinci ja-ja, a ajiye a akwatin ɗumi mai zafin digiri 37, daidai da zafin jikin mutum. Sel ba su san Asabar da Lahadi ba. In an bar su da yunwa ko sun cika kwalba, sai su mutu. In kuma ƙwayar bakteriya ɗaya ta faɗa ciki daga hannunka ko numfashinka, kafin gari ya waye ruwan ya gurɓace, domin wata bakteriyar takan rabu biyu duk bayan minti 20 idan ta samu abinci. Don haka ake goge komai da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, ake kuma turara kayan aiki a tukunyar tururi mai zafin digiri 121.

Na uku shi ne PCR, dabarar da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, ta kuma jawo masa kyautar Nobel a 1993. Aikinta shi ne ninka wani ɗan yanki na DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, har ya yi yawan da za a iya nazarinsa. Na'urar tana ɗumama samfur zuwa kimanin digiri 95 don igiyoyin DNA biyu su rabu, ta sauke zafin, sannan ta ɗaga zuwa 72 don a gina sabuwar igiya a jikin kowace. Duk zagaye ɗaya adadin yana ninkuwa biyu. 'Yan ajin lissafi su gwada: idan aka ninka 2 sau 30, amsar ta haura biliyan ɗaya. Da wannan dabara aka riƙa gano cutar korona a jikin mutane a 2020.

Na huɗu shi ne tace DNA a cikin wani abu mai kamar daskararren kamu. Ana zuba samfur a 'yan ramuka a gefe ɗaya, a saki lantarki. Gajerun yankuna suna gudu da sauri, dogaye suna jan ƙafa, sai su jeru layi-layi gwargwadon tsawonsu. Ranar da ka fara ganin layinka ya fito a daidai inda ake tsammani, ranar za ka san daɗin wannan aiki.

Akwai kuma firiza kala-kala: mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, da mai 80, da tulun ruwan naitirojin mai 196 ƙasa da sifili, wanda ke ƙona fata kamar wuta. A cikinsu ake adana samfuran da wasu suka yi shekaru suna tarawa. Wanda ya bar ƙofar firiza a buɗe ya tafi gida zai iya rusa aikin mutum goma.

Ba kowane bincike ne na kwalba da farar riga ba. Wasu ɗaliban a gaban kwamfuta suke yini, suna nazarin jerin DNA ko alƙaluman marasa lafiya. Wanda ya iya lissafi, ko ya fara koyon rubuta manhaja da Python ko R, yana da babban gurbi a nan.

Littafin aiki da gwajin shaida

Za a ba ka littafi, na takarda ko na kwamfuta, wanda za ka riƙa rubuta duk abin da ka yi: kwanan wata, abin da ka zuba, yawansa, tsawon lokacin, da abin da ka gani. A na takarda da biro ake rubutu. In ka yi kuskure sai ka ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta shi, ba a gogewa, ba a yage shafi. Littafin mallakar ɗakin ne, a can za ka bar shi, domin wanda zai ci gaba da aikin bayan tafiyarka da shi zai dogara.

Za kuma ka koyi abin da ya raba kimiyya da hasashe, wato gwajin shaida. A ce kana son sanin ko ruwan wani ganye yana kashe bakteriya. Bai isa ka zuba shi a faranti ɗaya ka ga sun mutu ba. Dole ka ajiye faranti na biyu da ka zuba wa ruwan da ka jiƙa ganyen da shi kaɗai, ba ganyen, da na uku da ka zuba wa maganin da aka riga aka san yana kashe su. Idan na biyun ma sun mutu, to ba ganyen ne ya kashe su ba. Idan na ukun ba su mutu ba, to gwajin naka ne ke da matsala. Bayan haka sai ka maimaita, aƙalla sau uku, kafin ka buɗe baki ka ce ka ga wani abu.

Gwaji zai ƙi, kuma ba laifi ba ne

Wannan shi ne abin da ya fi girgiza ɗalibai masu ƙoƙari. A makaranta, gwajin da malami ya ba mu an riga an san amsarsa, tana bayan littafi. A ɗakin bincike ba wanda ya san amsar, shi ya sa ake binciken. Za ka iya bin kowane mataki daidai, ka jira kwana uku, ka tarar ba komai. Wanda ya saba zuwa na ɗaya a aji zai fara zargin kansa, ya ga kamar kowa ya fi shi. Ka sani cewa malamin da ke koya maka shi ma haka yake fama. Abin da za a yi shi ne a koma littafin aiki, a canza abu ɗaya tak, a sake gwadawa. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

In ka yi kuskure, ka faɗa nan take. Ka zubar da samfur, ka rikita lambobin kwalabe, ka manta ka kunna na'ura, duk an saba gani, kuma ana gyarawa idan an sani da wuri. Abin da ba a yafewa shi ne ƙarya: ƙirƙiro alƙaluman da ba ka auna ba, ko goge waɗanda ba su yi maka daɗi ba, ko kwafe aikin wani. A jarabawa mai satar amsa kansa ya cuta. A binciken lafiya kuwa, sakamakon ƙarya zai iya bin hanya har ya kai ga gadon marar lafiya.

Haƙƙin mutane da dabbobi

Kafin a bar ka kusa da jinin mutum ko bayanansa, sai ka yi darasi a kan ɗa'ar bincike. Dalilin yana cikin tarihi. A 1951 aka ɗebi sel daga jikin wata baƙar fata mai ciwon daji, Henrietta Lacks, a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, ba tare da an nemi izininta ba. Ta rasu a shekarar, amma sel ɗinta, waɗanda ake kira HeLa, suna nan ana renon su a ɗakunan bincike a faɗin duniya, mai yiwuwa ma su za a ba ka ka koyi aiki da su. Iyalinta sun yi fiye da shekara 20 ba su sani ba. Haka kuma daga 1932 zuwa 1972, a Tuskegee da ke jihar Alabama, an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba magani don a ga yadda cutar ke ci, har bayan an samu maganinta.

Mu ma abin ya taɓa mu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200. Iyaye sun yi ƙarar cewa ba a yi musu cikakken bayani ba kafin a sa 'ya'yansu, kamfanin ya musanta aikata ba daidai ba, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin jihar Kano a 2009.

Saboda irin waɗannan abubuwa, yau duk binciken da ya shafi mutum sai wani kwamiti ya duba ya amince, sai kuma mutumin ya yarda bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji, yana da ikon janyewa duk lokacin da ya so. Bayanan marar lafiya amana ne: ba a ɗaukar hotonsu, ba a ba da labarinsu a gida ko a WhatsApp. Dabbobi ma suna da ƙa'ida: a nemi wata hanya in akwai, a rage yawansu, a kuma sauƙaƙa musu wahala.

Taro, karatu da ranar baje koli

Yawancin ɗakuna suna zama sau ɗaya a mako, wani ya gabatar da aikinsa, sauran su yi masa tambayoyi masu tsauri. Akwai kuma zaman karanta maƙalun da wasu masana suka wallafa. Maƙalar farko da za a ba ka za ta yi maka kamar ba da Turancin da ka sani aka rubuta ta ba. Ka fara da taƙaitawar da ke sama, ka duba hotuna da jadawali, ka rubuta kalmomin da ba ka sani ba ka tambaya. Zuwa ta biyar za ka ga bambanci.

A ƙarshen horo akan yi ranar baje koli. A NIH cikin watan Agusta ake yin ta. Kowane ɗalibi zai manna babbar takarda a allo, ɗauke da tambayarsa, da hanyar da ya bi, da abin da ya samu, da abin da hakan ke nufi. Sai ya tsaya a gefe, manyan masana suna wucewa suna yi masa tambaya. 'Yan ƙungiyarmu ta 'yan jarida ba baƙi ba ne a nan, domin aikin da muke yi a wannan bango ke nan: faɗin abu mai yawa a ƙaramin fili yadda mai wucewa zai tsaya ya karanta. Ko da sakamakonka ya nuna cewa abin da aka zata ba haka yake ba, wannan ma sakamako ne, domin ka rage wa na bayanka hanyar da ba ta ɓullewa.

Abin da za ka dawo da shi

Mako takwas ba ya mai da mutum masani. Amma za ka dawo da hannun da ya iya aiki, da idon da ke tambayar "ina shaida?" kafin ya yarda da labari, da kuma wani babba da ya ga aikinka da idonsa, wanda zai iya rubuta maka takardar shaida idan za ka nemi gurbin karatu ko tallafi. Wani ma zai dawo ya gane cewa bincike ba nasa ba ne, ya fi son zama da marasa lafiya ko koyarwa. Wannan ma riba ce, gara ka gane a wata biyu da ka gane bayan shekara biyar.

To mu da ke nan fa?

Ba sai an haye teku ba. A Najeriya akwai shirin SIWES, wanda asusun ITF ya fara a 1973, inda ɗaliban kimiyya na jami'o'i da kwalejojin fasaha ke zuwa sanin makamar aiki na wasu watanni. Akwai wuraren bincike irin su cibiyar NIMR da ke Yaba a Legas, da NIPRD ta binciken magunguna a Abuja, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato, da ta binciken ciwon barci da sammore a Kaduna, ga kuma asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. A Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu akwai cibiyar BioRTC, wadda Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa, tana kuma horar da matasan masu bincike. A Ede ta jihar Osun akwai cibiyar ACEGID ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, wadda ta taka rawa wajen tabbatar da Ebola a Najeriya a 2014. A Yamai akwai CERMES, a Accra kuma akwai cibiyar Noguchi.

Tambayoyin ma a ƙofar gidanmu suke. Najeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan masu mutuwa da zazzaɓin cizon sauro, ita ce kuma ke kan gaba a yawan jariran da ake haifa da cutar sikila. Da wuya a samu aji a makarantar nan da ba wanda ya san mai fama da ɗayansu. Waɗannan cututtuka suna buƙatar masu bincike da suka san mutanen, suke jin harshensu.

Ga abin da za ka iya farawa da shi tun wannan zangon. Ka riƙe Bayoloji da Kemistiri da Lissafi da Turanci da hannu biyu. Ranar aikin gwaji kada ka laɓe a baya kana kwafar na abokinka, ka taɓa kayan da hannunka, ka rubuta abin da ka gani da gaske ko da ya saɓa wa littafi. Ka bari malaman kimiyya su san ka da ƙwazo, domin su za su rubuta maka shaida. Shirye-shiryen ƙasashen waje sukan rufe karɓar takardu tun watanni kafin hutu, galibi tsakanin Disamba da Maris, don haka mai nema sai ya fara da wuri, ya karanta ƙa'idojin a shafin cibiyar kanta, domin sukan canza daga shekara zuwa shekara. Ka yi hattara da duk wanda ya ce ka turo masa kuɗi zai samo maka gurbi. Ka nuna wa malami ko iyayenka kafin ka tura wa kowa takardunka.

'Yan'uwa mata, wannan fage naku ne kamar yadda yake na maza. Malamanmu kuma muna roƙo, idan da hali, a shirya mana ziyara zuwa ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ko jami'a mafi kusa, ko da ta yini ɗaya ce, domin gani ya kori ji. Wanda yake da tambaya a kan wannan batu ya rubuta ya miƙa wa kowane ɗan ƙungiya, za mu kai wa malaman kimiyya, mu manna amsar a wannan bango.